Fitila a cikin na'urar CD: tarihin auren tsoho da sabo

A kasuwar kayan sauti ta Turai, Amurka da Asiya akwai wata irin na'urar sauraron faifan CD wadda, in aka leƙa cikinta, za a ga ƴan kwalabe na gilashi biyu ko huɗu a tsaye, cikinsu yana ja kamar garwashi. Waɗannan kwalabe su ne Faransawa ke kira lampes, wato fitilu, kuma da wannan suna za mu kira su a nan. Fitila ta girmi faifan CD da shekara kusan 80. Ita ce ta raya rediyon kakanninmu, kuma tun shekarun 1960 masana'antu suka fara juya mata baya. To, me ya dawo da ita cikin na'urar da ke aiki da hasken leza da lambobi? Maƙera suna cewa tana sa sauti ya yi taushi da ɗumi. Masu awo kuwa suna cewa ƙari take yi a kan abin da ke cikin faifai. Tarihin na'urar ya ba kowane ɓangare gaskiyarsa, kuma ya koya mana cewa daɗin sauti daban, riƙon amanar sauti daban.

Asalin fitila

A farkon shekarun 1880 Thomas Edison ya lura cewa in aka sa ɗan farantin ƙarfe cikin ƙwan lantarki, wuta tana tsallakawa daga zaren da ke ci zuwa farantin, alhali ba abin da ya haɗa su. A 1904 wani masani ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya yi amfani da wannan sirri ya ƙera fitila mai sassa biyu, wadda ke barin wuta ta bi hanya guda kawai. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara sashe na uku, wata ƴar raga ta waya tsakanin zaren da farantin. Wannan raga ita ce mai gadin ƙofa: in aka ɗan motsa ƙarfin wutar da ke kanta, sai wutar da ke wucewa zuwa faranti ta motsa da yawa. Ta haka ƙaramar murya ke zama babba.

Da taimakon fitila aka buɗe layin tarho tsakanin New York da San Francisco a 1915. A 1925 kamfanonin faifan garmaho suka bar tsohon ƙahon ɗaukar murya suka koma ga makirufo da lantarki. Rediyo, sinima mai magana, talabijin da kwamfutocin farko duk a kan fitila suka tsaya. Sai dai tana da aibobi sanannu: ga cin wuta, ga zafi, ga saurin fashewa, kuma ƙarfinta yana raguwa da tsufa.

A watan Disamba na 1947, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, aka gano taransisto, ƙanƙanin abu da ke yin aikin fitila ba tare da gilashi ko zafi ba. A 1954 rediyon aljihu na farko mai taransisto, Regency TR-1, ya shiga kasuwa. Ƙasashe irin namu sun ga amfanin wannan sauyi fiye da kowa. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, lokacin da wutar lantarki ba ta wuce ƴan unguwannin manyan birane ba. Akwatin rediyo mai taransisto, wanda ƴan batura ke isar sa, shi ya kai labari ƙauye da ruga, kuma shi ya sauƙaƙa aikin ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962.

Fitila ta ja da baya, amma ba ta mutu ba. Kamfanin RCA ya rufe babbar masana'antarsa ta fitilu a 1976, sauran na Yammacin Turai suka bi sahu. Masana'antun Rasha, Sin da Gabashin Turai suka ci gaba da ƙera ta, makaɗan jita mai lantarki kuma suka ƙi rabuwa da ita, domin sun fi son amon da take bayarwa.

Zuwan faifan CD

Kamfanin Philips na Holan da Sony na Japan sun daidaita a kan ƙa'idojin faifan CD a 1980. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar kimanin minti 74. Ana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma ana rubuta shi da lamba guda daga cikin matakai 65,536. Lambobin suna kwance a jikin faifai cikin siffar ƴan ramuka da ido ba ya gani, hasken leza ne ke bin su yana karantawa. An fara buga faifan a Langenhagen, kusa da Hanoba ta Jamus, a watan Agusta na 1982, sannan ran 1 ga Oktoba na wannan shekara Sony ya fitar da na'urarsa CDP-101 a Japan. Masu talla suka yi alkawarin sauti tsantsa wanda ba ya tsufa.

A ma'auni, alkawarin ya kusa cika: babu ƙarar allura, babu shuu ɗin kaset, babu rawar gudu. Amma masu kunnen kiɗa da yawa suka ce muryar goge da ta kuge suna fitowa da kaifi, suna gajiyar da mai sauraro. Dalilan suna da yawa. Na'urorin farko suna da matata mai tsanani wadda ke datse duk amon da ya haura girgiza 20,000 a sakan, kuma tana taɓa na kusa da shi. CDP-101 tana da sashe guda tak mai juya lambobi zuwa sauti, wanda ke yi wa lasifikar dama da ta hagu aiki bi da bi. Ban da haka, an kwafe faifan CD da yawa daga tef ɗin da aka shirya domin garmaho, inda aka riga aka ƙara wa siririn amo ƙarfi. Yawancin waɗannan matsaloli injiniyoyi sun magance su cikin ƴan shekaru, amma sunan da CD ya yi na mai sanyi da kaifi ya riga ya bi shi.

Yadda aka ɗaura auren

A wannan yanayi ne, a 1986, wani ƙaramin kamfani na Amurka, California Audio Labs, ya fitar da na'ura mai suna Tempest, wadda aka fi ambata a matsayin na'urar CD ta farko mai fitila. Injin karatun na Philips ne, sashen fitar da sauti ne aka gina da fitilu. A ƙarshen shekarun 1980 Luxman na Japan ya yi tasa, har da ƴar taga a gaba domin a riƙa ganin fitilar. Wajen shekara ta 2000 wani kamfani na Holan ya riƙa sayen na'urar Marantz mai araha, yana cire sashen ƙarshe yana sa fitilu biyu, yana sayarwa da sunan Njoe Tjoeb. A farkon shekarun 2000 Shanling na Sin ya fito da CD-T100, wadda fitilunta ke tsaye a fili bisa akwati kamar kayan ado. A 2009 Luxman ya fitar da D-38u mai akwatin katako, da maɓallin da ke ba mai ita zaɓi tsakanin fitila da taransisto.

Abin da ke cikin akwatin

Kowace na'urar CD tana da sassa huɗu. Na farko injin da ke juya faifai, daga kusan juyi 500 a minti a farkon faifan zuwa kusan 200 a ƙarshensa, tare da idon leza. Na biyu, wanda za mu iya kira tafinta, shi ke mai da lambobi igiyar sauti. Na uku sashen fita, wanda ke tace wannan igiya ya miƙa ta ga ampli da ƙarfin kimanin bolt 2. Na huɗu sashen da ke ciyar da sauran da wuta. Mai karatu ya lura da kyau: fitila ba ta karanta faifai, ba ta kuma fassara lambobi. Yawanci a sashe na uku take zaune, bakin ƙofar fita.

Zamanta a wurin yana da tsada. Zarenta yana buƙatar bolt 6.3, farantinta kuma sau da yawa fiye da bolt 100, alhali sauran na'urar ƴan bolt kaɗan sun ishe ta. Saboda haka na'urar kirki tana da taransifoma dabam, ko naɗi dabam, domin fitilu, da manyan kwandansa masu tace wuta, don kada gurnanin lantarki ya shiga kiɗa. Fitila kuma tana jin girgiza: in an ƙwanƙwasa ta, ana iya jin ƙarar a lasifika. Ga shi an ajiye ta kusa da injin da ke juyi. Wannan ne hujjar akwati mai nauyi, da ƙafafu masu shanye motsi, da zoben roba a wuyan fitila. Zafi ma sai an ba shi mafita, in ba haka ba ya gajarta ran kwandansa.

Fitilun da aka fi sawa ƙanana ne masu ƙafa tara, irin su ECC83 da ECC88. Ita ECC88 an ƙera ta ne a ƙarshen shekarun 1950 domin akwatin talabijin. Ƴar'uwarta E88CC, ta aikin masana'antu, an yi mata alkawarin awa 10,000. Idon leza shi ma yana tsufa, kuma tun da manyan kamfanoni irin Philips suka daina ƙera injin karatu, samun madadinsa ya fi samun fitila wuya. Akwai kuma na'urori masu araha da ke ɓoye ɗan ƙwan haske ƙarƙashin fitila don ta ƙara ja a ido. Nauyin akwati da hasken gilashi ba su isa shaidar ingancin ƙira ba.

Abin da kunne ke ji

Idan aka kaɗa tsirkiyar molo, amo guda muke ji, amma a cikinsa akwai ƴaƴan amo: ɗaya mai ninki biyu na girgizar asali, wani mai ninki uku, har zuwa sama. Yawan kowannensu shi ke bambanta molo da sarewa. Duk na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti tana haifar da nata ƴaƴan amo waɗanda babu su a asali. Fitila mai sassa uku ta fi haifar da mai ninki biyu, wanda ke tafiya da amon asali kamar yadda muryar yaro ke hawa kan ta babba in suna rera waƙa ɗaya. Kunne ba ya ƙyamar sa. Yana jin sa kamar cika da kauri. Masu ninki biyar ko bakwai kuwa suna karo da asali, su ne ke sa kaifi. A 1973 wani injiniya, Russell Hamm, ya wallafa bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta Amurka, inda ya nuna bambancin fitila da taransisto ya fi fitowa idan aka ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. A cikin na'urar CD kuwa da wuya a kai fitila wannan iyaka.

Ke nan abin da ake kira ɗumi yana aunuwa: ɗan ƙarin amo mai ninki biyu, wani lokaci da ɗan ragin siririn amo. Sashen fita mai taransisto na kirki yana ƙara abin da bai kai kashi 0.01 cikin ɗari ba. Na fitila yakan ninka haka sau da yawa. Fitilar da aka yi wa kyakkyawan tsari tana iya yin tsabta har kunne ya kasa bambanta ta da taransisto, kuma in an daidaita ƙarfin sauti aka ɓoye wa mai sauraro na'urar da ke aiki, bambancin da yake rantsuwa da shi yakan ragu ƙwarai. Abin da fitila ba za ta taɓa yi ba shi ne mayar da abin da ya ɓace a ɗakin ɗaukar sauti. Daga shekarun 1990 aka shiga gasar matse kiɗa don ya fi na kowa ƙara, kuma faifan da aka yi wa haka, ko fitila goma aka jera masa, ba zai dawo da numfashinsa ba.

Abin da ya rage mana

Cinikin faifan CD ya kai ƙololuwa a shekara ta 2000, lokacin da aka fitar da fiye da miliyan 900 a Amurka kaɗai. Daga nan intanet ta ci kasuwarsa, har a 2020 kuɗin da faifan garmaho ya kawo a can ya zarce na CD. Yau shi ma CD ya zama tsoho, kuma na'urarsa mai fitila ta koma hannun ƴan tsirarun masu sha'awa. A 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, farashin fitilu ya tashi, domin masana'antar Saratob tana cikin ƴan kaɗan da suka rage a duniya.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, wannan tarihi yana da amfani a aikace. A Yamai, cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO da gidan rediyon ƙasa suna riƙe da muryoyin maroƙa, makaɗa da masana tarihin baka, wasu ƙungiyoyi kuma suna da nasu kaset da faifai a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wanda ya zauna sauraro don jin daɗi yana da ƴancin ƙara wa kiɗa yajin da ransa ke so, fitila kuwa yaji ce mai daɗi. Wanda zai kwafe muryar da mai ita ya riga mu gidan gaskiya, domin ɗalibai da jikoki, shi aikinsa riƙon amana ne. Faifan CD ana kwafe lambobinsa kai tsaye zuwa kwamfuta, ba tare da sun bi ta sashen fita ba. Kaset da tef kuma a bi da su ta na'urar da ta fi kowace rashin ƙari, a adana kwafin asali yadda yake. Yaji ana iya zuba shi daga baya, amma in ya riga ya shiga miya ba ya tsamuwa.