Babi Na Uku: Mata da Iko a Al'adar Dodanni ta Afirka ta Yamma

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan matsayin mata a al'adar dodanni, wato al'adar da mutum yake rufe fuskarsa da jikinsa ya fito a matsayin kakanni ko iskoki. Akasarin mutane sun ɗauka wannan harka ta maza ce zalla. Za a auna wannan ra'ayi ta hanyar duba al'ummu biyu, Yarbawa da kuma Mende na ƙasar Saliyo.

3.1 Inda Maza Suka Riƙe Asiri

A yawancin al'ummu, maza ne suke shiga rigar dodo, su ne kuma suke riƙe da asirinsa. Misali shi ne Egungun na Yarbawa, wanda yake wakiltar kakannin da suka rasu. An hana mata sanin wanda yake cikin rigar, kuma ko sun sani ba su da ikon furtawa. Wannan hani hanya ce ta tsare iko, domin abin da dodo ya yanke ba a musanta shi. Duk da haka, a tsarin Egungun akwai sarautar mace da ake kira Iya Agan, wadda take da damar shiga inda sauran mata ba sa shiga.

3.2 Gelede: Maza a Riga, Mata a Zuciya

Ana yin Gelede a yammacin ƙasar Yarbawa, musamman Ketu da ke Jamhuriyar Benin da yankin Yewa a Jihar Ogun. Maza ne suke sa rigar, amma ana yin wasan ne don girmama iyaye mata, waɗanda aka yi imani suna da ƙarfin ɓoye da zai iya kawo haihuwa da yalwa, ko kuma cuta da fari. Drewal da Drewal (1983) sun nuna cewa wasan lallashi ne ga wannan ƙarfi. Bugu da ƙari, dattijuwa mai laƙabin Iyalashe tana daga cikin shugabannin ƙungiyar. Hukumar UNESCO ta sanya Gelede cikin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2001. A nan za a ga cewa sa riga ba shi kaɗai ne ma'aunin iko ba.

3.3 Sande: Mata a Cikin Riga

Sande ƙungiyar mata ce a Saliyo da Laberiya da Gini, kamar yadda Poro take ta maza. Ita ce fitaccen misali a Afirka inda mata da kansu suke sa abin rufe fuska na itace, wanda ake kira sowei. Maza ne suke sassaƙa shi, amma mata ne suke sa shi. Baƙi ne mai sheƙi, da faffaɗan goshi, da ƙaramin baki, da kitso, da zobba a wuya. Boone (1986) ta bayyana cewa waɗannan siffofi suna koya wa budurwa kamun kai da riƙon asiri.

Tarihin Madam Yoko ya nuna yadda wannan iko yake kaiwa ga sarauta. Bayan rasuwar mijinta Gbanya a shekarar 1878, ta gaji mulkin Kpa Mende. Ta yi amfani da matsayinta a Sande wajen aurar da 'yan matan da ta horar ga manyan mutane, ta haka ta ƙulla ƙawance mai faɗi. Ta goyi bayan Turawan Ingila a yaƙin harajin gida na 1898, ta ci gaba da mulki daga Moyamba har rasuwarta a 1906.

Sai dai kuma wajibi ne a lura cewa ikon Sande iko ne na dattijai mata a kan 'yan mata. Kaciyar mata tana cikin sharuɗɗan shiga ƙungiyar, kuma ita ce ta jawo mata suka mai tsanani daga likitoci da masu kare haƙƙin mata, ciki har da matan Saliyo da kansu.

3.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an fahimci cewa ba daidai ba ne a ce al'adar dodanni ta maza ce kawai. A Egungun maza sun riƙe asiri, a Gelede sun sa riga don tsoron mata da girmama su, a Sande kuwa mata sun riƙe riga da asiri gaba ɗaya. Saboda haka, mai nazari ya kamata ya tambayi wane ne yake yanke hukunci, kuma a kan wa hukuncin yake aiki, kafin ya tambayi wane ne a cikin riga. Babi na gaba zai duba tasirin mulkin mallaka da addinai a kan waɗannan ƙungiyoyi.