Kambirij: Ina Ƙofar Jami'ar?

Ɗalibin da ya fara zuwa Kambirij yakan sauka daga jirgin ƙasan Landan bayan tafiyar kusan awa guda, ya fito yana waige-waige. Mu da muka saba da Samaru ko Jami'ar Bayero, mun san jami'a da katanga da babbar ƙofa. A nan kuwa, in ka tambayi ɗan gari ina jami'ar take sai ya rasa inda zai nuna maka, domin ta warwatsu cikin garin: kwaleji 31, kowace da ƙofarta da ɗakin cin abincinta da dukiyarta, a tsakanin shaguna da gidajen mutane.

Rigima ce ta haifi wurin. A 1209 aka kashe wata mata a garin Oksfod, mutanen gari suka kama wasu ɗalibai suka rataye. Malamai da almajiransu suka watse, wasu suka yada zango a wani garin kasuwa da ke bakin kogin Cam. Nan ma ba a jima ba aka soma 'yar tsama. Masu gidajen haya suka tsawwala wa baƙin kuɗi, har sai da Sarki Henry na Uku ya sa baki a 1231, ya ce a ƙayyade kuɗin hayar. Gatan da sarakuna suka yi ta ba jami'ar ya ci wa 'yan gari tuwo a ƙwarya. Da talakawan Ingila suka yi bore a 1381, mutanen Kambirij suka kwaso takardun jami'ar suka cinna musu wuta a tsakiyar kasuwa. Da ƙura ta lafa, sai aka ɗauki ikon duba mudu da sikeli da farashin burodi aka damƙa wa jami'ar. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wanda ya san wannan, idonsa zai ga wani abu dabam a ginin kwalejojin. Tun daga Peterhouse, wadda ta riga sauran kafuwa a 1284, yawancin tsofaffin sun ba titi baya, sun kewaye tsakar gida, sun bar ƙofa da ɗakin mai gadi a bakinta. Har gobe akwai kwalejojin da ɗalibi ba ya taka ciyawar tsakar gidan, sai malamai.

Mu a ganinmu tarihin garin nan tarihin waɗannan ƙananan ƙofofi ne, da wanda aka bari ya shige su. Kafin 1856, ko ka fi kowa ƙoƙari ba za a ba ka digiri ba sai ka shaida cewa kai ɗan Cocin Ingila ne. James Sylvester, Bayahude, ya zo na biyu a babbar jarrabawar lissafi ta 1837, ya tafi hannu rabbana. Musulmi da ɗan Katolika ma da haka za ta kasance musu. Sai a 1871 aka janye sharaɗin daga muƙaman koyarwa.

Na mata ya fi ɗaukar lokaci. A 1890 Philippa Fawcett ta zauna wannan jarrabawa ta lissafi, makinta ya ɗara na namijin da aka ce shi ne na ɗaya. Ba a ba ta matsayin ba, ba a ba ta digiri ba. Da aka kawo batun digirin mata a 1897, aka kaɗa ƙuri'a aka yi watsi da shi, ɗalibai maza suka cika titi suna murna. Sai a 1948 mace ta soma karɓar cikakken digirin Kambirij.

Mu masu sana'ar rubuta manhaja, ƙafarmu takan ja mu zuwa kwalejin King's, inda Alan Turing ya shiga a 1931, mu ɗauki hoton babban cocinta kamar kowa. Amma abin da ya fi shafar abincinmu ya faru ne a wani ɗakin gwaji maras ado. A can Maurice Wilkes da mutanensa suka harhaɗa kwamfutar EDSAC, wadda ta yi aikinta na farko ranar 6 ga Mayu, 1949. A kanta David Wheeler ya daidaita dabarar rubuta guntun umarni sau ɗaya a riƙa kiransa duk sanda aka buƙata, dabarar da muke ci da ita kullum. An kashe na'urar a 1958 aka wargaza ta.

Akwai kuma abin da ɗalibi Bahaushe zai so ya sani kafin ya bar garin. Charles Robinson, wani limamin coci da ya taɓa zama a Kano, ya zama malamin Hausa a jami'ar a 1896, kuma maɗaba'arta ce ta soma buga ƙamusunsa a 1899. Ke nan ana koyar da harshenmu a Kambirij shekara bakwai kafin sojojin Ingila su ci Kano a 1903.