Apollo 13: Haɗarin da Aka Ƙulla Tun a Ƙasa

A daren 13 ga Afrilu 1970, kumbon Apollo 13 yana kimanin kilomita 320,000 daga duniya, masu kula da tafiyar a Houston suka umarci Jack Swigert ya kunna fankokin da ke motsa oksijin a cikin tankuna. Aiki ne da aka saba yi. Bayan kamar minti ɗaya da rabi sai aka ji ƙara, kumbon ya girgiza, tanki na biyu ya fashe, na ɗaya kuma ya fara zuba. Da wannan oksijin ake numfashi, da shi ake samar da lantarki da ruwan sha. Abu uku ke nan suka salwanta lokaci guda.

Abin da ya biyo baya shi duniya ta riƙe, musamman tun bayan fim ɗin 1995 wanda Tom Hanks ya fito a matsayin kwamandan tafiyar, Jim Lovell. Lovell da Swigert da Fred Haise suka koma cikin Aquarius, ƙaramin kumbon da aka ƙera don ya sauke mutum biyu a kan wata na kwana biyu, suka zauna su uku kusan kwana huɗu. Kowa ruwan shansa bai wuce mililita 200 a rana ba, sanyi ya kai digiri 3, Haise ya kamu da ciwon mafitsara. Da iskar da suke fitarwa ta fara taruwa, sai ga wata matsala: gwangwanayen tace iska na babban kumbon masu kusurwa huɗu ne, ramin Aquarius kuwa zagayayye. Injiniyoyi a ƙasa suka ƙirƙiro dabara da leda da kwali da tiyo da salatif, suka karanta musu ta rediyo daki-daki. Ranar 17 ga Afrilu suka faɗa tekun Pasifik da ransu.

Babu mai musun bajintar. Sai dai wannan hanya ta tuna Apollo 13 tana ɓoye rabin labarin, kuma rabin da ta ɓoye shi ne mai amfani ga duk wanda zai sake tura mutum sama.

Kwamitin bincike da Edgar Cortright ya jagoranta ya bi diddigin tankin. A 1965 aka sauya ƙa'ida, aka ce kayan cikinsa su iya ɗaukar lantarki mai bolt 65 da ake amfani da shi a filin harbawa na Kennedy, amma ƙananan makunnan da ke kashe hita idan zafi ya yi yawa aka bar su a kan bolt 28, ba wanda ya lura. A 1968 tankin ya suɓuce a masana'anta, ya faɗi kimanin santimita 5 kacal. A Maris 1970, lokacin gwaji, ya ƙi zubar da abin da ke cikinsa, sai aka yanke shawarar kunna hita na awa takwas don oksijin ɗin ya tafasa ya fita. Makunnan suka narke suka manne. Zafi a ciki ya kai wajen digiri 540, rufin wayoyi ya lalace, amma ma'aunin da ma'aikaci ke kallo ba ya iya nuna abin da ya wuce digiri 27, saboda haka komai ya yi kamar lafiya lau. Kowane mataki, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, yana da hujjar da mai hankali zai karɓa, kuma manya sun sa hannu.

Akwai kuma sa'a, wadda fim ba ya son ba ta haƙƙinta. Da tankin ya jira har bayan an sauka a wata an yar da Aquarius, da babu inda za su fake, ko da wane irin gwani ne ke zaune a Houston.

Wani zai ce tafiya sararin samaniya dama sayar da rai ne, kuma na'ura mai miliyoyin sassa ba za ta rasa aibi ba. Gaskiya ne. Ɗan sama jannati Vladimir Komarov ya mutu a 1967 da laimar saukar kumbonsa ta ƙi buɗewa, 'yan sama jannati uku na Soyuz 11 suka mutu a 1971 da iskar kumbonsu ta tsiyaye. Kuma hukumar NASA ta gyara abin da ta gani: an ƙara tanki na uku, an cire fankokin, Apollo 14 ya sauka a Fra Mauro a Fabrairu 1971, wurin da Lovell ya nufa. Amma gyaran tanki ya fi gyaran ɗabi'a sauƙi. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, da mutum bakwai a ciki, saboda zoben roba da sanyi ya sandarar, alhali injiniyoyi sun yi gargaɗi a daren jajibirin. Masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta nuna a littafinta na 1996 yadda aka riƙa ganin zoben yana lalacewa a tafiye-tafiyen baya, da yake ba abin da ya faru sai aka mai da shi abin da aka saba.

Haka aka sake yi da kumbon Columbia a 2003. An daɗe ana ganin ɓaraguzan soso suna ɓallewa daga babban tankin man kumbon lokacin tashi. Wannan karon guda ya huda fiffiken hagu. Injiniyoyi suka nemi a ɗauki hoton fiffiken da na'urorin soja tun kumbon yana sama, shugabannin tafiyar suka ce babu buƙata, kuma ranar 1 ga Fabrairu ya wargaje a sararin jihar Texas da mutum bakwai.