Addi Ba: Sojan Da Ya Riƙe Amanar Abokan Yaƙinsa

Tarihin sarauta a ƙasar Adar ba ya cika sai an ambaci mazan jiya. A zamanin mulkin mallakar Faransa, kumandan ne ke yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai bayar aikin soja. Ta haka ƴaƴan Madawa da Buza da Keita suka shiga rundunar da ake kira ta Sanagal, alhali ta tattara baƙar fata daga ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Daga cikin wannan runduna marigayi Mamadu Addi Ba ya fito, Bafillace Musulmi ɗan Futa Jalon a ƙasar Gine.

Ya shiga soja a shekarar 1939, cikin rajimanti ta 12. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni na 1940, sai aka kama shi tare da ɗimbin ƴan uwansa. Allah ya ba shi sa'a ya kuɓuce, ya shige dazuzzukan Vosges a gabashin Faransa, daga bisani mutanen ƙauyen Tollaincourt suka ba shi masauki.

Samun mafaka bai sa ya manta da na baya ba. Ya taimaki abokansa da ke ɓoye cikin daji, har wasunsu suka tsallaka Suwizalan, ƙasar da ba ta cikin yaƙin. Shi kuwa ya zauna. A 1943, shi da wani Bafaranshe mai suna Marcel Arburger suka kafa sansanin ɓoye domin samarin da suka ƙi zuwa aikin tilas a Jamus.

A cikin shekarar nan Jamusawa suka kama shi, suka kai shi gidan kaso a birnin Epinal. Sun gana masa azaba domin ya faɗi sunayen mutanensa, amma ya kame bakinsa. Ranar 18 ga Disamba 1943 aka harbe shi tare da Arburger.

Sai a 2003, bayan shekara 60, Faransa ta ba shi lambar girma ta ƴan gwagwarmaya. Shi an tuna da shi ko da an makara. Da yawa daga mazan jiyanmu kuwa sunayensu na bakin tsofaffi kawai. Haƙƙi ne a kan fada da kowane gida su rubuta su tun masu sani suna raye.

Allah ya jiƙan su da rahama, amin.