Daga CDR zuwa VDP: Abin da Tarihin Ƴan Sa-kai na Burkina Faso Ke Koya Mana

Duk lokacin da aka ce a ba mutanen gari makami su tsare kansu, ni dai Burkina Faso nake tunawa, domin maƙwabtanmu sun bi wannan hanya sau uku cikin shekara arba'in.

Na farko shi ne zamanin Thomas Sankara. Da ya karɓi mulki a 1983, ya kafa kwamitocin kare juyin juya hali, wato CDR, a unguwanni da ƙauyuka. Suna sintiri da dare, suna aikin gayya, wasunsu kuma na riƙe da bindiga. Ba a daɗe ba mutane suka fara kuka da cin zalin wasu daga cikinsu, har Sankara da bakinsa ya tsawata musu a babban taronsu na 1986. Bayan kashe shi a 1987 aka rushe kwamitocin.

Na biyu su ne Koglweogo, masu tsaron daji a harshen Mosawa. Waɗannan ba gwamnati ta kafa su ba. Manoma da ƴan kasuwa ne da ɓarayin shanu da ƴan fashin hanya suka ishe su, alhali jandarma na nesa. Wajen 2015 sun bazu a tsakiya da gabashin ƙasar, kuma talakawa da yawa sun yaba musu don sata ta ragu. Sai dai su ke kamu, su ke bulala, su ke yanke tara. A 2016 gwamnati ta fitar da doka don shigar da su ƙarƙashin kulawar hukuma, amma igiyar ba ta kama ba. A farkon Janairun 2019, bayan ƴan bindiga sun kashe mai garin Yirgou, ƴan Koglweogo suka far wa rugagen Fulani. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu, ƙungiyoyin farar hula suka ce sun haura 200.

Na uku su ne VDP. Bayan harin da aka kai wa ayarin ma'aikatan mahaƙar zinariya ta Boungou a Nuwamban 2019, shugaba Roch Kaboré ya nemi ƴan sa-kai, majalisa ta amince a Janairun 2020. Horon kwana 14 aka tanadar musu kafin a ba su bindiga. A 2022 Kyaftin Ibrahim Traoré ya nemi ƙarin mutum 50,000. Sun tsare garuruwa da dama da jininsu, amma garin da ke da su ya kan zama abin hari, kamar Solhan, inda aka kashe sama da mutum 130 a Yunin 2021.

Mu a Nijar mun ɗanɗani irin wannan ɗaci. A Nuwamban 2021 magajin garin Banibangou ya fita daji da ƴan sintirinsa, aka kashe mutum 69 har da shi.

Ban ga laifin talakan da ya tashi kare gidansa ba. Abin da na fahimta shi ne, ɗan gari ya fi kowa sanin baƙuwar fuska da hanyar ɓarawo, kuma wannan sanin ne hukuma ke bukata. Amma in aka haɗa masa kamu da hukunci, aka kuma ɗebi ƴan sa-kai daga ƙabila ɗaya, tsohuwar rigimar gona da burtali ce za ta sami bindiga. Kafin a raba makami, sai a amsa tambaya biyu: wa aka bari a waje, kuma gaban wane alƙali za a kai wanda aka kama?