Tsakanin Maƙera da Gareji: Yadda Iyayenmu Suka Riƙe Manyan Motoci da Hannunsu

Yawancin ’yan’uwanmu mazauna birane, idan mota ta ba su matsala, waya suke ɗauka su kira bakanike. Zai yi kyau su san cewa an yi zamanin da mai babbar mota a ƙasar Hausa shi ne bakaniken kansa, ƙofar gidansa ita ce garejinsa, maƙerin unguwa kuwa shi ne kantin kayan gyaransa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai aka bukaci abin da zai kwaso amfanin gona daga ƙauyuka zuwa tasha. Raƙuma da jakuna suka daɗe suna wannan aiki kafin mota ta karɓe shi sannu a hankali. A cikin motocin da suka yi suna akwai Austin da Bedford ’yan Ingila, daga baya kuma Mercedes 911 ta Jamus, wadda muke kira Roka. Samfurin Bedford mai dogon hanci da kowa ya sani ya fito a 1958. Kai da ƙashin baya kawai ake saye. Bodin katako kafintocinmu ne ke ɗora shi, masu fenti su ƙawata shi da hoton zaki ko dawisu da kalaman hikima.

To, sai dai Bature ya ƙera motar ne domin hanyarsa da ma’aunin kayansa. Mu kuwa hanyarmu burji ce da yashi, da damina kuma taɓo, ga lodi har sama da fasinja a bisa buhuna. Nan ne maƙera suka shigo. Sifirin, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa bisa juna su tallafi nauyin mota, shi ne ya fi karyewa. Maƙeri yakan sa falle a wuta, yaro na zuga, ya lanƙwasa shi daidai da ’yan’uwansa, ya huda shi, ya ƙara falle biyu ko uku a kan na asali domin motar ta ɗauki abin da kamfani bai yi mata alkawari ba. Wanda ya karye ma ba a yar da shi, domin ƙarfe ne mai tauri da ke riƙe kaifi. Daga gare shi ake fitar da kurfi da gatari da adda. Manomi da yawa ya yi sassabe da guntun Bedford bai sani ba.

Haka abin yake a wajen kayan aiki. Idan sufana ta kasa kaiwa ga noti a lungun inji, sai a gasa ta a karya mata wuya, ko a rage mata kauri da magagari. Notin taya in ya cije, a zura bututun ƙarfe a hannun sufana, yaron mota ya hau ya taka. Gasket kuwa, a ɗora kwali a kan bakin ƙarfen, a bi shi da ’yar guduma har siffar ta fito. Tankin mai in ya tsage a daji, sabulu ake murzawa a toshe har a kai gari. Masu faci suka mai da tsohon fistin abin gasa roba: a zuba masa ɗan mai a kunna, a danne facin da shi. Duk wannan ilmi yaron mota yana ɗaukarsa ne da ido, shekara da shekaru, daga sa weji a bayan taya a kan gangara har ranar da maigidansa zai miƙa masa sitiyari. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san darasin da aka koya da hannu ba ya saurin gushewa.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. A Sudan, inda ’yan’uwanmu Hausawa da yawa suka zauna a kan hanyar Makka, masu gyara sukan wargaza wannan Bedford ɗin gaba ɗaya, su ƙarfafa ƙashin bayanta, su sake haɗa ta don ratsa hamada. Suna kiranta Sifinja saboda taushin tafiyarta, kuma sun ci gaba da raya ta bayan kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986.

Shekarun arzikin man fetur sun ɗan sanyaya wannan sana’a. An buɗe masana’antar Peugeot a Kaduna a 1975, aka kafa ta Steyr a Bauchi da ta manyan motocin Fiat a Kano, ta Mercedes a Inugu kuma aka buɗe ta a 1980. Sabon kaya ya yi araha, wasu suka fara ganin gyara ƙauyanci ne. Ba a daɗe ba tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen 4 a 1987, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin mai mota ɗaya. Sai aka koma ga gwanjo da dabara. Kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano suka cika da masu nema, ’ya’yan maƙera suka koma walda, har da masu naɗa injin waldar da kansu da wayar tagulla.

Gaskiya dai ba kowace dabara ce abar yabo ba. Ƙarin sifirin yana ƙara wa mota ƙarfin ɗauka, amma ba ya ƙara wa burki ƙarfin tsayawa, kuma walda a kan ƙarfen sitiyari wasa ne da rai. Lodin wuce kima ya ci mutane masu yawa a gangare da kan gadoji, tun kafin a kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988 da bayanta.

Yau manyan motocin da ake shigowa da su, yawancinsu daga Sin da Turai, da yawa na’ura ce ke sarrafa injinsu, sai an jona kwamfuta kafin a gano ciwon. Tsoffin direbobin Roka da maƙeran da suka yi musu aiki suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kayan aikinsu kuma ’yan gwangwan na saye a kan kilo. Wanda duk ya san akwai akwatin sufanun mahaifinsa a zaure, in ya zo gida hutun Salla ya buɗe shi, ya nemi dattijon da ya rage ya tambaye shi aikin kowace ɗaya, ya rubuta.