Gigin Tsufa: Kula da Dattijo Bisa Zaɓinsa

Gigin tsufa, wanda wasu ke kira cutar mantuwa, ciwo ne da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya riƙa manta sunayen 'ya'yansa ko hanyar gidansa. Ba maita ba ce, kuma ba kowane tsoho ne yake kamuwa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da shi a duniya. Cutar Alzheimer ita ce nau'in da ya fi yawa, sannan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki kan haddasa wani nau'in.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da mafi yawan nau'o'insa, don haka kulawa ita ce babban gata. Wani masani na Jami'ar Bradford a Ingila, Tom Kitwood, ya bayyana a littafinsa na 1997 cewa mutum ya kamata a fara dubawa kafin ciwonsa. Ma'ana, mu san tarihinsa, da sana'arsa, da abin da yake so, mu tsara kulawa a kansu.

Ga abin da muke shawartar iyalai:

1. Mu ba shi zaɓi mai sauƙi, kamar tsakanin koko da fura, maimakon mu yanke masa hukunci.
2. Mu bar masa aikin da ya saba, kamar ɓarar gyaɗa ko bai wa awaki dusa.
3. Kada mu ɗaure shi ko mu kulle shi a ɗaki. Idan yana son fita, a haɗa shi da ɗan rakiya.
4. Idan ya fusata, mu bincika, domin sau da yawa ciwo ne ko yunwa ko ƙishirwa da ya kasa faɗa.
5. Tun hankalinsa bai yi nisa ba, mu ji ta bakinsa gaban shaidu game da gonarsa da dabbobinsa da wanda zai wakilce shi.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su kare irin waɗannan dattawa daga tsangwama da masu cinye musu dukiya. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya, a garzaya asibiti, domin tana iya zama alamar wani ciwo da ake warkewa.